Kunun Tsamiyar Baba Leonard

Ranar da aka jefa magungunan Baba Leonard cikin kwando, Kezia tana zaune a bencin baya. Rana ta uku ce ta taron farkawa a cocinsu. Baƙon mai wa'azin da aka gayyato ya ajiye wani faffaɗan kwando a gaban bagade, inda fasto ke tsayawa, ya ce duk wanda ya gaskata an warkar da shi ya kawo maganinsa ya zuba, domin ba a riƙe Ubangiji da hannu ɗaya a riƙe kwalba da ɗayan. Mutane suka yi ta fitowa. Anti Loretta ta riƙo mahaifinta, tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, ta kai shi gaba, ta zazzage ledar ƙwayoyinsa na hawan jini, har da kakkaɓe ta. Mata suka rangaɗa guɗa. Baba Leonard ya ɗaga hannuwa sama, hawaye na bin kumatunsa.

Kezia surukar gidan ce, matar Jesse, ƙanin Loretta. Jesse ɗan sanda ne, an tura shi aiki nesa, sai ya bar matarsa a ɗakin baya na gidan yayarsa a Nassarawa GRA. Ita Loretta babbar ma'aikaciyar gwamnati ce, ita ce kuma uwar Zumuntar Mata a coci. Idan ta yi magana a gida ko a taro, an gama. Tun farko ba ta so auren ba. Ta sha faɗa a gaban mutane cewa ƙaninta ya tsallake 'yan mata masu digiri, ya je wani ƙauye bayan Zariya ya ɗauko wadda ko gaisuwa sai an matso ake jin ta.

Amma shekara biyu da suka wuce, da Baba ya faɗi a banɗaki bakinsa ya karkace, Kezia ce ta yi jinyarsa a asibiti, ita ce ta riƙa ba shi abinci a baki. Da kunnenta ta ji likita yana cewa, "Wannan karon ciwon ya yi sallama. In ya daina shan magani, na biyun ba zai yi sallama ba."

Kwana huɗu bayan taron, Baba ya tashi yana dafe da ƙeya, idanunsa sun yi jawur. Loretta ta ɗora masa hannu ta yi addu'a da ƙarfi, sannan ta ce Shaiɗan ne ke shure-shuren mutuwa, kada wanda ya kula shi. Ta ɗauki jakarta ta tafi ofis.

Kezia ta daɗe tsaye a tsakar gida. Daga nan ta shiga ɗakin Baba kamar za ta yi shara, ta lalubo tsohon kwalin maganin a ƙasan aljihun tebur, ta hau adaidaita zuwa wani kemis a Tudun Wada inda ba wanda ya san ta. Ta tambayi mai shagon ko ana iya niƙa wannan ƙwayar. Ya duba kwalin ya ce wannan dai ana iya. Ta sayi sabon kwali ta koma gida.

Tun daga ranar, kullum da safe takan dama wa Baba kunun tsamiya, ta murƙushe ƙwaya ɗaya da bayan cokali, ta juya ta ciki. Tsami ya rufe ɗaci. Kafin ta kai masa takan riƙe kofin ta ce a ranta, "Yesu, ka gani. In laifi ne, nawa ne, ba nasa ba." Ba wai ba ta gaskata ba ne. Ita ma ta roƙa wa tsohon waraka har gwiwoyinta suka yi kanta. Tsoro ne kawai ya fi ƙarfinta, tsoron ta wayi gari ta same shi a ƙasa kamar wancan karon.

Ciwon kai ya tafi. Baba ya koma zagaya gida da yamma, yana zuba wa shukokinsa ruwa yana rera waƙa.

A mako na shida Loretta ta aika aka kira maƙwabciyarsu, Hajiya Sakinatu, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Hajiya ta zo da abin awonta, ta ɗaura wa Baba a damtse, ta jira.

"Ɗari da talatin bisa tamanin," ta ce. "Malam Leonard, ai jininka ya fi nawa kyau. Sai dai mu nemo maka amarya."

"Ki rufa mini asiri, Hajiya," in ji Baba yana dariya. "Na ci zamanina."

Loretta ta tafa hannu. "Ki ƙara faɗa, Hajiya, da bakinki. Mako shida ke nan ko ƙwaya ɗaya bai sha ba."

Dariyar Hajiya ta ɗauke. "Ban gane ba. Ba ya shan magani? Loretta, kada ki yi wasa da wuta."

"Ke kika auna, ba ni ba."

Hajiya ta sake duba abin awon, ta dubi tsohon, sannan ta ɗaga ido ta dubi Kezia da ke tsaye bakin ƙofa da tire. Kezia ta sunkuyar da kai. Da ta raka ta bakin get, Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, "'Yata, ban tambaye ki komai ba. Amma ko me kike yi, kada ki daina."

A daren nan Loretta ta sanar ranar Lahadi za a yi godiya a coci, Baba zai ba da shaida. Ta sayo atamfa turmi huɗu aka ɗinka anko. Ta gayyato dangi daga Kaduna. Ta kuma roƙi dattawan ikilisiya a sake ajiye kwandon nan, domin in mutane suka ji shaidar mahaifinta, bangaskiyarsu za ta tashi.

Ran Juma'a Juliet ta zo taya su suyar cincin. Juliet 'yar ƙungiyar mawaƙa ce, ita kaɗai ce kuma ke zama ta yi hira da Kezia kamar mutum. Suna yanka kwaɓin fulawa a kicin ta ce, "Ni ma zan kawo Mama jibi. Shekara tara tana tsira wa kanta allurar ciwon suga, cikinta duk ya zama tabo. Wancan karon ta ji tsoro. Amma da ta ji labarin Baba ta ce ya isa, za ta zuba allurorin a kwando."

Wuƙar ta tsaya a hannun Kezia.

"Juliet," ta ce, "ki bari tukuna. Ciwon kowa daban. Ki fara zuwa wurin likitanta."

"Likitan wa?"

Loretta ce a bakin ƙofa. Ta shigo a hankali, ta tsaya a kan Kezia.

"Na ce likitan wa? A gidana kike tsaye kina kashe wa mutane bangaskiya? Tun ranar taro na lura da ke. Kowa na guɗa, ke kin murtuke fuska kamar an aiko miki da mutuwa."

"Anti, ba haka nake nufi ba."

"To me kike nufi? Buɗe baki, yau dai mu ji muryarki. Allah ya yi abu a gaban idonki, Musulma ma ta shaida, ke da aka yi wa baftisma kina cewa likita. Shi ya sa shekara huɗu kina gidan miji ko ɓari ba ki taɓa yi ba. Ta ina albarka za ta shiga, zuciya a toshe kamar kwalbati?"

"Haba Anti," in ji Juliet.

"Ke yi shiru, ba ki san ta ba. Irinsu ne masu lumbu-lumbu, a ciki kuwa maciji." Ta nuna Kezia da yatsa. "Jibi ki sa ankonki, ki saki fuska, ki yi rawa kamar kowa. In kika kunyata ni a gaban mata, ki san inda dare ya yi miki."

Kezia ta ci gaba da yanka kwaɓin. Gaba kura, baya sayaki. In ta faɗi gaskiya, Loretta za ta kore ta, kuma ba sauran mai ba Baba ƙwayarsa. In ta yi shiru, mahaifiyar Juliet za ta zubar da allurarta saboda ƙaryar da Kezia ta dama da hannunta.

Ran Asabar da yamma ta yi niyyar gaya wa Baba shi kaɗai. Ta same shi a baranda da tabarau a hanci, yana rubutu a littafin ɗalibai da rubutunsa mai kyau na tsohon malamin makaranta.

"Zauna, 'yata, ki ji ko ya yi tsawo," ya ce. Ya karanta mata shafi biyu na shaidar da zai bayar, sannan ya cire tabarau ya goge ido. "Kin sani, shekara arba'in ina koya wa yara labarin al'ajibai. Ina faɗa musu da baki, amma a raina ina cewa wannan na mutanen da ne. Da mahaifiyarsu Jesse ta kwanta, na yi azumi, na yi kuka, aka yi mini shiru. Na ɗauka ba a san da ni ba a can sama. Ashe an san sunana."

Kezia ta fasa faɗar abin da ya kawo ta.

"Ya yi kyau, Baba," ta ce. "Bai yi tsawo ba."

Ran Lahadi Loretta ta ce duk gidan azumi za a yi har a sauko daga coci, don haka ba a dama kunu ba. Kezia ta ƙulle ƙwayar ranar a bakin zaninta, tana fatan samun wata dabara kafin azahar.

Coci ya cika har waje. Matan zumunta suka buga tulu da caki, iyalin Baba Leonard suka taso daga ƙofa da rawa cikin ankonsu, ɗauke da doya da kwandunan lemo. Kwandon magani yana nan a gaban bagade. A benci na biyu Kezia ta hango mahaifiyar Juliet, siririyar tsohuwa, ta rungume wata 'yar ƙaramar kula a cinyarta, inda take ajiye allurorinta cikin ƙanƙara.

Baba ya karanta shaidarsa. Muryarsa ta karye sau biyu. Mutane na ta "Amin" da "Halleluya".

A cocin nan akwai wata doka tun ta dattawan farko. Ba a rubuta shaidar waraka a littafin ikilisiya sai mutum biyu na gidan sun tsaya gaban bagade sun tabbatar, ɗaya daga cikinsu kuma dole ya zama mai jinyar. Kezia ta sha ganin ana yi, amma damuwa ta hana ta tuna cewa wannan karon a kanta abin zai faɗo. Loretta ta tabbatar da murya kamar tsawa. Sai Fasto ya waiwayo ya miƙa wa Kezia makirfo.

"'Yar'uwa Kezia, ke ce mai kula da Baba dare da rana. Ki tabbatar wa ikilisiya a gaban Allah, mako shida bai sha magani ba?"

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ji numfashinta yana fita ta lasifika. Loretta ta matso ta mintsine ta a kwiɓi tana murmushi ga jama'a. A benci na biyu tsohuwar ta riga ta fara miƙewa da kularta, Juliet na riƙe da ita.

"Yana sha," in ji Kezia.

"Ɗaga murya, 'yar'uwa, ba mu ji ba."

"Yana shan magani. Ni nake sa masa a kunu kullum da safe. Bai sani ba. Anti ma ba ta sani ba." Ta juya wajen benci na biyu. "Mama, don Allah kada ku zuba allurarku."

Nan take coci ya ɓarke da hayaniya.

Loretta ta fizge makirfon. "Ƙarya take! Wakiliyar Shaiɗan ce, tun farko na sani!"

Kezia ta kwance bakin zaninta, ta ɗaga 'yar farar ƙwayar. Wata mata daga cikin zumunta ta ja tsaki mai tsawo. Wata ta ce, "Yau magani, gobe wa ya san abin da za ta zuba?" Wani dattijo ya miƙe yana cewa ai yarinyar gaskiya ta faɗa, wasu suka taso masa. Fasto ya yi ta bubbuga tebur kafin aka saurare shi. Ya ce a ɗauke kwandon nan, yau ba wanda zai zuba komai. Ya ce Allah da ke warkarwa nan take shi ne kuma ya ba likita sani, kuma ba a taimaka masa da ƙarya. Kaɗan ne suka ce amin.

Mahaifiyar Juliet ta koma ta zauna, ta ƙanƙame kularta. Ita kuwa Juliet ta yi wa Kezia wani kallo, kamar wadda aka ƙwace wa abinci a baki, sannan ta kau da kai.

Baba Leonard ya cire tabaraunsa. Ya rufe littafinsa, ya bi ta tsakiyar coci shi kaɗai ya fita.

Kafin Kezia ta iso gida a ƙafa, an sa wa kicin kwaɗo. Dangin Kaduna na zaune a falo da shinkafar godiya a gabansu, ba mai ci. Ta gaishe su, ba wanda ya amsa. Loretta ta riga ta kira Jesse. Shi kuma da ya kira matarsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Me ya sa ba ki gaya mini ba? A gaban coci, Kezia? Ki tafi wurin gwaggonki a Tudun Murtala, sai na zo."

Ta haɗa kayanta a jaka biyu. Sannan ta ɗauki kwalin maganin daga cikin tukunyar da take ɓoye shi a ɗakinta, ta nufi ɗakin Baba.

Yana zaune a bakin gado, bai ko cire ankon ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, zan tafi. Na zo in roƙe ku gafara."

"Gafarar me? Ta ƙwayar, ko ta yau?"

Ya juyo ya dube ta.

"Jiya kina zaune a gabana," ya ce. "Na karanta miki. Na buɗe miki abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yan cikina ba. Kika ce ya yi kyau. Kika bar ni na sa sabuwar riga, na tsaya gaban Allah da mutane na faɗi abin da bai faru ba."

"Ba ku sani ba, Baba. Ba ƙarya kuka yi ba."

"To me na yi? Wauta? Ita ce ta fi miki daɗi?" Ya buga tafin hannunsa a cinya. "Mako shida kina ɗura mini abu kamar akuya. Ni ba mutum ba ne da za a tambaya?"

"Na ji tsoro za ku ƙi."

"Da na ƙi mana! Raina ne ko naki?"

"Naku ne, Baba." Hawaye suka zubo mata, amma ba ta tashi ba. "Ni na ɗaga ku daga banɗaki wancan karon. Ba zan iya na biyu ba." Ta matsa da gwiwa ta ajiye kwalin a kan tebur, ta ɗora ƙwayar ranar a kansa. "Guda ɗaya kullum. Ta yau ba ku sha ba."

Loretta ta faɗo ɗakin. "Har yanzu ba ki tafi ba? Kin zo ki ƙarasa shi ne?" Ta hango kwalin ta kai hannu. "Baba, kawo in jefa a masai. Ba a gama ba. Wannan munafukar ce ta tsaya a hanya. Mu sake sabon azumi, wannan karon ba mai shiga tsakani, za ka gani."

Baba ya dafe kwalin da hannunsa.

"Bar shi."

"Baba!"

"Na ce ki bar shi, Loretta. Ke kin cire mini ba ki tambaye ni ba, ita ta sa mini ba ta tambaye ni ba. Dukanku kun mai da ni yaro. Ke kina neman abin faɗa a zumunta, ita tana neman ta yi barci da dare."

"Yanzu bangaskiyarka za ka sayar saboda wannan?"

"Bangaskiyata tana nan inda take tun kafin a haife ki. Na roƙa, na ɗauka an ba ni, ashe ba a ba ni ba. Wannan tsakanina da shi ne, ba ruwanki."

Ya ɗauki ƙwayar ya juya ta a tafin hannunsa, yana kallonta kamar abokin gaba. Ya jefa ta a baki ya haɗiye ba ruwa, ya yamutsa fuska. Loretta ta ja tsaki, ta fita ta buga ƙofa har labule ya tashi.

Kezia ta ce, "Na gode, Baba."

"Kada ki gode mini, ba don ke na sha ba." Ya jawo aljihun tebur ya sa kwalin, ya murza makulli, ya zare shi ya jefa a aljihun rigarsa. "Tashi ki tafi. Ba na son ganin fuskarki yanzu, ban kuma san ranar da zan so ba."

Ta tashi. Ta ɗauki jakunkunanta ta wuce ta gaban falo, dangi na bin ta da ido, ta buɗe get da kanta ta fita titi neman adaidaita.